Mashayi: Mai Laifi Ne Ko Majinyaci?

Ƙasar Haɗeja ƙasa ce da Allah Ya yi wa albarkar ruwa. Kogin Haɗeja yakan gangaro daga wajen Kano, ya ratsa ta Auyo da birnin Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri, kana ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Cadi. A bakin wannan ruwa mutane ke noman shinkafa da alkama da tattasai, masunta na jefa taru, Fulani na kawo shanu da rani. Amma ruwan nan da ke ciyad da jama'a shi ne kuma ke raba su da hanya. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020 da 2022, akwai ƙauyukan da ba a fita daga cikinsu sai da kwalekwale. Wanda ciwo ya kama a irin wannan wuri yakan daɗe yana shawara kafin ya nufi asibiti.

To, akwai wani ciwo wanda ko hanya tana da kyau, ko mota tana bakin ƙofa, mai shi ba ya son a gan shi ya fita nemansa magani. Wannan ciwo shi ne shan giya da ya zame wa mutum jiki, har ya kai ba ya iya bari.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan ƙasar Musulmi da wannan zance? Lalle kuwa addini ya haramta giya, hukuma ma ta daɗe tana hana ta. Tun cikin 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels ta taƙaita kai barasa cikin Afirka, kuma da Turawa suka kama mulkin Arewa suka hana shigo da ita don sayar wa mutanen ƙasa. Dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa shan giya laifi ne ga Musulmi. A shekarar 2000 Jihar Jigawa ta ɗauki shari'ar Musulunci, kuma ana jin labarin 'yan Hisba suna kama kwalabe suna fasawa. Duk wannan ya rage yawan mashaya ƙwarai, abin godiya ne. Amma bai ƙarar da su ba. Akwai wanda ya koyo sha a wurin ci-rani, a Legas ko Fatakwal ko Sabon Garin Kano. Akwai wanda ya koya a tashar mota, ko a bukkar su can tsakiyar fadama inda babu idon manya. Ba su da yawa, amma kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne, mijin wata ne, uban wasu ne. Kuma da yake abin kunya ne ƙwarai, sai su ɓuya, a bar ciwon yana ci a cikin duhu.

Tambayar da wannan magana ta tasa gaba ita ce: mutumin da giya ta kama, mai laifi ne da ya cancanci horo, ko majinyaci ne da ya cancanci jinya? In kuwa majinyaci ne, ga likita ya yi nisa, wa zai ɗauki nauyinsa?

Masu cewa laifi ne suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce ba wanda ya ɗura masa. Da ƙafarsa ya tafi mashaya, da hannunsa ya biya, da bakinsa ya kurɓa, alhali ya san an hana. Zazzaɓi yakan sami mutum yana kwance a ɗakinsa, amma giya sai an je mata. Sun ce in aka kira shi majinyaci an ba shi mafaka ke nan, gobe sai ya ce ba yin kansa ba ne. Kuma ga ɓarnar da yake yi a fili take: hatsin gida ya tafi kasuwa, kuɗin kifi ya ƙare tun a hanya, mata ta sha duka, yara sun kwana da yunwa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yarda a ce masa ba laifi ba.

Masu cewa ciwo ne su ma ba su faɗi ƙarya ba. Likitoci sun binciko yadda giya ke aiki a jikin ɗan Adam. Ita dai tana danne ƙwaƙwalwa ne, ta sa ta lafa. In mutum ya dinga sha kullum wata da watanni, sai ƙwaƙwalwar ta shiga ƙara wa kanta ƙaimi don ta rinjayi wannan danniya. Shi ya sa wanda kwalba ɗaya ke bugarwa da fari, daga baya sai ya sha uku bai ji kome ba. Sa'ad da abin ya kai nan, jiki ya riga ya saba da aiki ƙarƙashin nauyi. In aka janye nauyin farat ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta zabura kamar dokin da aka sake wa linzami. Hannu ya kama rawa, gumi ya karyo, zuciya ta yi ta bugawa, barci ya ƙaurace, tsoro ya rufe mutum ba dalili. Ya san kuwa kurɓa ɗaya za ta kwantar da duk wannan. Mutumin da ya kai wannan matsayi ya daina sha don daɗi, yana sha ne don ya iya tsayawa da ƙafafunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan hali cikin cututtuka, ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a duniya.

Ashe ke nan kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. A ɗauki misali da abin da mutanen bakin kogi suka sani. Ruwa ya kawo, manya suka ce kada kowa ya shiga mashigi yau. Wani saurayi ya yi kunnen ƙashi, ya tuɓe ya faɗa. Shigarsa laifi ce, ba mai musu. Amma da ya kai tsakiya igiyar ruwa ta ɗauke shi, abin ya wuce ƙarfinsa. Ba a taɓa jin masunci mai hankali ya tsaya a gaɓa yana yi wa wanda ruwa ke ci faɗa ba. Jefa masa gora ake yi, a tura jirgi, in an fito da shi ya amayar da ruwa ya dawo hayyacinsa, sa'an nan a yi masa faɗan da ya dace. Haka mashayi yake. Kurɓar farko zaɓinsa ce, alhakinta na wuyansa. Ɗaurin da ya biyo baya ciwo ne, yana bukatar magani. Akwai kuma alhaki na uku da ya rage a kansa har yanzu, watau in aka miƙa masa gora ya kama. Ciwo bai ɗauke masa wannan ba.

Inda Jahilci Ke Kisa

Wajibi ne duk mai ɗan'uwa mashayi ya san wani abu guda, gama rashin saninsa ya sa an yi kisa da kyakkyawar niyya. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, in aka raba shi da giya dare ɗaya ba tare da magani ba, yana iya mutuwa. Rawar jiki takan fara ne daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa wasu sukan ruɗe, jiki ya yi zafi, su riƙa ganin macizai da ƙwari a bango, su kasa gane iyalinsu. A ƙauye in aka ga haka sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu, a shiga hayaƙi da turare, alhali abin da yake bukata yana asibiti. Likita yakan ba da maganin da ke kwantar da jijiyoyi, irin su diyazefam, na 'yan kwanaki ana ragewa, da sinadarin bitamin B1 don tsare ƙwaƙwalwa, da ƙarin ruwa in jiki ya bushe. Waɗannan magunguna ba masu tsada ba ne. Amma kada kowa ya saye su a kasuwa ya ba da da kansa, domin diyazefam in ya haɗu da giya yana iya tsai da numfashi, kuma shi kansa yakan kama mutum.

Wani zai ce, ai addini ya ce a bari nan take, yaya za a ce a jira likita? Ba a ce a jira ba. Mutum ya tuba yau, ya kuma kama hanyar asibiti yau. Tsare rai shi ma umurnin addini ne.

To, ina asibitin? Nan ne talakan fadama ke shan wuya. Asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa yana Kazaure, can yammacin jiha. Akwai na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano, akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri. Daga Haɗeja zuwa Kano kaɗai ya fi kilomita 150, balle wanda zai taso daga ƙauyen Guri ko Birniwa. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga abinci, ga gona da za a bari ba mai tsaron tsuntsu. Ga kuma sunan da za a laƙaba masa in ya dawo, a ce an kai shi gidan mahaukata. Saboda haka da yawa ba su zuwa.

Sa'ad da iyaye suka rasa yadda za su yi, sai waɗansu su kai ɗansu gidan mari. Ba don ƙiyayya suke yi ba, gajiya ce da rashin wata dabara. Amma abin da aka gani a 2019 ya isa ishara. Cikin watan Satumba na wannan shekara 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fitar da mutane fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Cikin wata na gaba aka sake samun irinsa a Daura da waɗansu garuruwa. Mari yana hana ƙafa zuwa mashaya muddin yana ƙafar. Ran da aka kwance shi, sai mutum ya fito da ƙishirwarsa yadda take, ga kuma ƙullaci da ya ƙaru a kai. Addu'a da nasihar malamai suna da babban amfani ga mai son tuba, suna ƙarfafa zuciya, suna ba mutum dalilin jurewa. Sarƙa da yunwa da duka kuwa ba sa cikin addu'a.

Duk da haka ba a rasa abin yi ba. Akwai babban asibiti a Haɗeja, akwai ƙananan asibitoci a garuruwan hakimai, kuma kwanakin nan na haɗari ba lalle sai likitan ƙwaƙwalwa ke iya lura da su ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na koya wa likitocin gama-gari da malaman asibiti na karkara yadda za su gane irin waɗannan cututtuka, har da na giya, su yi abin da za su iya, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Doka a takarda ba ta warkar da kowa sai an aikata ta. Amma jama'ar da ta san haƙƙinta ita ke iya tambayar shugabanninta, me ya sa malamin asibitin garinmu ba a koya masa wannan ba?

Abin Da Ƙauye Ke Iya Yi

Aikin asibiti na mako ɗaya ne ko biyu. Abin da ya rage aikin shekaru ne, kuma a gida ake yinsa. A nan ƙauye bai kasa birni ba, watakila ma ya fi shi. Akwai labarai biyu na gaskiya da ke nuna haka.

A 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya ga asibitinsa na Aro kusa da Abeokuta ba zai ɗauki masu ciwon hankali duka ba. Sai ya yi shawara da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye, aka riƙa saukar da majinyata a gidajen mutane, kowane da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su zo asibiti a ba su magani, da yamma su koma cikin jama'a, su ci abinci tare da mutane, su je kasuwa. Aka ga suna samun sauƙi, labarin ya bazu duniya. Abin da Lambo ya gane shi ne zama cikin mutane shi kansa magani ne.

Na biyu kuwa a Amurka ya faru, a garin Akron, cikin 1935. Waɗansu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, kowannensu ya yi ta ƙoƙarin bari shi kaɗai ya kasa. Da suka haɗu suka zauna suna gaya wa juna gaskiyar halinsu, sai suka tarar abin da ya gagari mutum ɗaya ya yiwu ga mutum biyu. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, watau ƙungiyar mashayan da ba a bayyana sunansu, yau tana ƙasashe masu yawa. Ba su da allura, ba su da gado. Abin da suke da shi zama tare ne, da faɗin gaskiya, da riƙe sirri, da alkawarin yini ɗaya: yau dai ba za a sha ba, gobe in ta zo a sake ɗaura niyya. Hausawa sun ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Maganar wanda ya taɓa shiga ya fita ta fi shiga kunnen mashayi bisa ga wa'azin wanda bai san abin ba. Ba sai an kafa ƙungiya mai suna ba. Mutum biyu ko uku da suka san ciwon juna, suna haɗuwa a zauren wani amintacce bayan sallar isha'i, sun isa.

Amma duk wannan ba ya yiwuwa sai an warware wani ƙulli, shi ne na rufin asiri. Bahaushe ba abin da yake roƙon Allah kamar rufin asiri, addini ma ya yi umurni da suturta ɗan'uwa. Sai dai sutura iri biyu ce. Akwai wadda ake rufe mutum daga bakin 'yan gulma don a sami damar yi masa magani. Akwai kuma wadda ake rufe miki da tsumma don kada a gani, har ya ruɓe. Gidaje da yawa ta biyun suke yi suna tsammani ta farko ce. Uwa ta biya bashin mashaya a ɓoye, mata ta ce maigida zazzaɓi yake yi, wa ya yi kamar bai gani ba. Kowa ya sani, ba mai magana. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

A misalta da wani masunci a wani ƙauye na bakin fadama. Kowace ranar kasuwa yakan kai busasshen kifi Haɗeja, ya dawo da rabin kuɗin, idanu jawur. Shekara uku ana haka. Wata rana wansa ya same shi da sassafe a bakin jirgi, ba kowa kusa, hannunsa na rawa ya kasa ɗaura ƙugiya. Wan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙanena, na sani, na kuwa daɗe da sani. Ban zo in tona maka asiri ba. Na zo in tambaye ka, kana son fita?" Masuncin ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Yaya, na rantse sau bakwai na karya. In na kwana biyu ban sha ba, ji nake kamar zan mutu." Wan ya ce, "To, wannan karon ba kai kaɗai za ka yi ba. Gobe mu tafi asibiti tare. In an tambaya, mu ce jikinka ne ba daɗi, ba mu kuwa yi ƙarya ba."

Mutum huɗu kaɗai suka san zancen: wan, da matar, da liman, da malamin asibiti. Bayan an sallame shi aka yi shiri. Wan ya karɓi kai kifi kasuwa, kuɗi kuma ya riƙa shiga hannun matar da yardar mijin. Liman ya ce masa, "Malam, ina bukatar mai taya ni share masallaci da magariba," domin ya san magariba ce lokacin da ƙishirwar ke taso masa. Aka raba shi da bukkar da abokan shansa suke, aka haɗa shi su da wani dattijo. Ba wanda ya kira shi ɗan giya, ba wanda kuma ya yi kamar ba a taɓa yi ba. Wannan ita ce sutura ta gaskiya. Dabarun nan kuwa ba su bukatar ko kwabo: a san lokacin da sha'awa ke tasowa a cika shi da aiki, a nisanci wurin da abokan, a tsare kuɗi musamman da kaka sa'ad da aka sayar da amfanin gona, a ci abinci a ƙoshi, a sami wanda za a gaya wa in zuciya ta fara raya wani abu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A kuma yi hattara kada a bar giya a koma ƙwaya ko maganin tari mai sa maye, gama wannan sauya ubangida ne kawai, bautar tana nan.

In Ya Koma Fa?

Sau da yawa yakan koma. Nan ne haƙurin dangi ke ƙarewa, a ce ai ga shi, mun faɗa, ba ya gyaruwa. Amma manoman fadama sun san ciyawar kacala, wadda ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa bayan da madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suka sauya tafiyar kogi. Akan taru a yi gayya a sare ta, bayan 'yan watanni ta sake tohowa, domin saiwarta na ƙarƙashin laka. Ba wanda ya ce tun da ta sake fitowa a bar mata kogin. Komawa ake yi a sake sara, gama ko na wata shida ruwa ya wuce, an yi shuka an girbe. Wanda ya yi wata takwas bai sha ba sa'an nan ya zame, watannin nan takwas ba su ɓace ba. Yaransa sun ci abinci a cikinsu, hantarsa ta huta, ya kuma koyi cewa yana iyawa. Abin yi shi ne a tambaya me ya jawo zamewar, a toshe wannan kafa, a sake farawa.

Malamai sun san cewa haramcin giya kansa a mataki-mataki ya sauka: aka fara nuna cutarta ta fi amfaninta, sa'an nan aka hana yin salla cikin maye, daga bisani aka hana ta ɗungum. Sun kuma ruwaito labarin wani mutum a Madina da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha. Da wani ya la'ance shi don yawan komawarsa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An yi masa hukunci, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Wanda ya fi kowa ƙin giya bai yanke ƙauna daga mashayi ba.

Akwai dai iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Tausayin mashayi ba ya halatta zaluntar iyalinsa. Sau da yawa akan ce wa mace ta yi haƙuri, alhali ita ke shan duka, ita ke neman abin da yara za su ci. Matar da ake bugu tana da haƙƙin ta tafi gidan iyayenta, ta kai ƙara wurin bulama ko alƙali, ba ta kuwa ci amanar kowa ba. Jinyar mashayi nauyin 'yan'uwansa maza ne da manyan gari tun kafin ya zama nata. Kuma biya masa bashi kullum, da yi masa ƙarya don a kāre shi, taimakon giyar ne. Wani lokaci ranar da mutum ya waiwaya ya ga ɗakin matarsa a rufe ita ce ranar da yake farkawa.

Saura masu tsoron cewa in aka sassauta wa mashayi yara za su raina abin. Wannan tsoro yana da dalili, amma a duba da kyau. Yaron da ya ga an yi wa mashayi ature ya koyi abu ɗaya, watau in ya taɓa sha ya ɓoye iyakar ɓoyewa. Yaron da ya ji daga bakin baffansa yadda kwalba ɗaya a tasha ta cinye masa jirgi da gona da shekara goma, ya kuma ga wahalar da ya sha kafin ya fita, wannan ya koyi tsoron kurɓar farko. Rigakafi ya fi magani, kuma ba mai koyar da rigakafi kamar wanda ya warke.

Amsar tambayar ke nan. Mashayi mai laifi ne a ƙofar shiga, majinyaci ne a ciki, kuma mai alhakin kama hannun da aka miƙa masa ne. Hukuma tana da nata nauyi, na kawo magani kusa da koya wa malaman asibitin karkara. Amma kafin wannan ya cika, ɗan'uwa da liman da bulama da maƙwabci suna nan a kowane ƙauye, daga Kafin Hausa har Birniwa, ko ruwa ya yanke hanya ko bai yanke ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya koyi karatu har ya karanta wannan, in ya san wani gida da ake fama a ɓoye, ya sami mai gidan shi kaɗai ya gaya masa abu biyu: kada a ɗaure, kada kuma a raba shi da ita dare ɗaya ba tare da asibiti ba. Allah Ya shiryi wanda ya ɓata, Ya ba masu jinya haƙuri, amin.